Filin Tambaya da Amsa: Awa nawa karfatar rago take ɗauka a kan gawayi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan rabinsu a kan gashi ne, to sai na tsinto waɗanda suka shafi lokaci da wuta na haɗa su waje ɗaya tunda amsar wani tana taimakon wani, masu tambayar miya da cincin ku ƙara haƙuri naku na nan tafe in sha Allah.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki taimaka min, maigidana ne ya siyo murhun gashi irin mai murfi ɗin nan mai ƙafa uku, kuma ran Asabar 'yan uwanshi zasu zo cin abincin rana bayan azahar, yace shi karfatar rago yake so a gasa ta ɗungurungum irin wacce ake saɓule ƙashi naman ya zube da kanshi. Na shiga YouTube na duba sai naga duk turawan Amurka ne kuma yawanci kafaɗar alade suke gasawa wai awa 12 wasu har 14, suna ta lissafi da fam da wasu lambobi 225 da 250 da ni ban gane kansu ba, da na tambayi mahaucinmu kuma sai yayi dariya yace Hajiya ai awa biyu ma ya isa. Karfatar kilo 2 ce da ɗan wani abu. Ni yanzu wa zan bi, kuma ƙarfe nawa zan hura wuta? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

AMSA: Amin 'yar uwa, na gode. Kinga da mahaucinki da mutanen bidiyon babu wanda ya miki ƙarya, kowa da abincin da yake magana a kai. Shi mahauci da kika ce gashi balangu ne ya faɗo masa a rai, wato a tsattsaga naman a buɗe shi ya baje, a ɗora kai tsaye bisa garwashi ana juyawa, in ya yi a yayyanka da wuƙa a barbaɗa yaji da albasa. Wannan kam awa ɗaya da rabi zuwa biyu an gama, amma fa da haƙori ake cinsa. Abin da maigidanki ke so sai an bi shi a hankali.

Ita karfata gaɓa ce mai aiki, da ita dabba ke wuni tana tafiya wajen kiwo, shi yasa take cike da jijiya da wannan farin yaɗin da ke tsakanin tsoka da tsoka. Abin da ke cikin jijiyar nan shi ne dai yake sa romon ƙafar saniya ya daskare yayi danƙo in ya huce, kuma baya narkewa da gaggawa komai ƙarfin wuta, sai zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya kuma daɗe a can sama. Tun cikin nama yana digiri 63 a ma'aunin Salshiyas ya nuna, ba zai cutar da kowa ba, amma in kika sauke karfata a nan wallahi sai an yi kokawa da ita a faranti. Inda ƙashi ke saɓulewa shi ne tsakanin 90 zuwa 95, to wannan tazarar ta 63 zuwa 90 da wani abu ita ke cinye awannin.

Lambobin da suka ruɗa ki, 225 da 250, zafin cikin murhu ne a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke aiki da shi, a namu 107 da 121 kenan. Duk lambar da kika gani ki cire 32, ki ninka sau 5, ki raba gida 9, zaki samu namu. Fam ɗaya kuma giram 454 ne, ko rabin kilo bai kai ba. Su lissafinsu awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne ga kowane fam a irin wannan sanyin wutar, kuma kafaɗar aladen da suke ɗorawa gunduma ce mai kauri, kilo 3 zuwa 4 wani lokacin fiye, ga kitse ya ratsa ko'ina a cikin tsokar, shi yasa take jure awa 12 zuwa 14 bata bushe ba. A kudancin Amurka musamman jihohin Karolaina abincin gargajiya ne a wajensu, har kwana wasu ke yi suna tsaron wuta. Mai cin wancan naman to lissafin bidiyon ya masa daidai, amma ke kada ki ɗauko shi ki ɗora wa rago. Karfatar rago faffaɗa ce bata da wancan kaurin, sannan ragunanmu su Yankasa da Uda da Balami basu cika tara kitse a cikin tsoka ba, in kika bar ta awa 12 a wuta busasshen nama zaki sauke, kuɗi da gawayi duk sun tafi a banza.

Ni shawarar da nake ba mutane ita ce ki riƙe zafin cikin murhu tsakanin 140 zuwa 150, ki lissafa awa 2 zuwa 2 da rabi ga kowane kilo. Kinga taki mai kilo 2 da ɗan wani abu awa 4 zuwa 5 kenan. In kuma kina son bin sanyin wutar nan ta 120 to ki sa awa 3 zuwa 3 da rabi ga kilo, wato awa 6 zuwa 7, amma gaskiya ga mai fara koyo ban so ba, saboda riƙe wutar gawayi a ƙasa-ƙasa haka ba tare da ta mutu ba sai wanda hannunsa ya saba, kuma nama mara kitse baya ƙaruwa da komai in an ja lokacin da yawa.

Batun ƙarfe nawa, ki fara daga lokacin cin abinci ki dawo baya. Mu ce ƙarfe 2 na rana za a zauna ci. Ki cire awa ɗaya ta hutun nama bayan an sauke, kin dawo ƙarfe 1. Ki sake cire awa ɗaya ta ko-ta-kwana, saboda iska ko jiƙaƙƙen gawayi ko tsufan ragon, kin dawo 12. Ki cire awa 5 na gashi, ƙarfe 7 na safe kenan nama ya hau waya. Hura wuta da jiran ta kwanta rabin awa, wato 6 da rabi ki kasance kin kunna gawayi, bayan asuba kenan ba komawa barci ranar. Nasan zaki ce to in ya yi tun ƙarfe 11 fa? Babu komai ko kaɗan, ki bar shi a naɗe cikin foyil ɗinsa ki ƙara naɗe shi da tsaftataccen tawul ki sa a babbar kula ki rufe, zai kai awa 2 zuwa 3 da zafinsa kuma laushi ma yake ƙarawa a ciki. Matsalar tana wajen wanda ya makara, baƙi sun zauna an zuba shinkafa ana ta leƙen ƙofa, sai mutum ya ruɗe ya zuga wuta, waje ya ƙone ciki yana nan da tauri. Wannan awa ɗayar da nace ki ajiye don gudun haka ne, kada ki bari wani yace miki ɓata lokaci ce.

Yadda zaki jera kuma, garwashi gefe ɗaya nama ɗaya gefen, kada ya zauna a saman wuta kai tsaye. A ƙarƙashin naman ki ajiye wani tsohon kwanon ƙarfe da ruwan zafi a ciki, yana tare maiƙon da ke ɗiga kuma yana hana zafi hawa da sauka barkatai. Ki rufe murfin ta yadda ƙofar iskar sama zata zo saitin naman, ƙofar ƙasa kuma da ita zaki dinga wasa, ki buɗe wuta ta ƙaru ki rage ta lafa, amma kada ki toshe duka biyun sai in kashe wutar zaki yi. Bayan awa 2 zuwa 2 da rabi in kinga naman yayi ja-ja mai kyau yana ƙamshi sai ki sauke ki naɗe da foyil ninki biyu, ki zuba ɗan romo ko ruwa rabin kofi da yankakkiyar albasa a ciki ki mayar ya ƙarasa. Gishiri kuma tun daren Juma'a ki shafa, ƙaramin cokali biyu ba tozo ga kowane kilo, in zaki sa Maggi ki rage gishirin, ki sa a firji ya kwana. In daskararre ne daga firiza to tun ran Alhamis ki sauko da shi ƙasan firji ya saki gaba ɗaya, don nama mai ƙanƙara a tsakiya yana rusa duk lissafin nan da muka yi.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa da fatan alheri. Mu nan bamu da wannan abin auna zafin, rabin ganga ce mai walda ya yanka mana ya sa mata murfi da waya, da ita muke gashi in abokai sun taru. Matsalata wata rana awa uku nama yayi, wata rana awa shida yana nan kamar ba a ɗora ba alhali girmansu ɗaya, to ta yaya mutum zai gane zafin wuta da ido ko da hannu, kuma yaya zan san ya yi ba sai na ta yankawa ina dubawa ba? Daga wani ɗan uwa a Maraɗi.

AMSA: Malam ina amsawa, a gaida mutanen Maraɗi. Ai masu gashinmu na bakin tasha babu mai ma'auni a cikinsu kuma suna fitar da nama mai kyau, hannu da kunne suke aiki da su. Ka ɗaga tafin hannunka sama da wayar kamar santimita 12, wato tsayin gwangwanin lemo, ka ƙirga daƙiƙa har zafi ya sa ka janye. In daƙiƙa 2 zuwa 4 ka janye to wuta ce mai ƙarfi, ta haura 230, wannan ta tsire ce. In 5 zuwa 7 matsakaiciya ce. Wacce kake nema wa karfata ita ce wadda zaka iya kai 8 zuwa 10, kuma a gefen da naman yake zaka gwada ba a saman garwashin ba, da zarar ka ɗaga murfin kafin zafin ya gudu. Ka kula da hannun rigarka. Sai kunne, in ka tsaya kusa da gangar kaji naman yana ɗan tsir-tsir a hankali to lafiya lau, in kaji yana ƙara sosai maiƙo na fallatsa hayaƙi na tashi fari tas to wuta ta yi yawa, in kuma shiru kake ji kamar babu komai a ciki ta kusa mutuwa.

Bambancin awa uku da awa shida da ka gani, kusan kullum daga wuta ne. Ganga ƙarfenta siriri ne baya riƙe zafi, ranar da iskar hunturu ke kaɗawa sai ta dinga kwashe zafin jikin gangar kuma a lokaci guda tana zuga garwashin yana cinyewa da wuri, sai kaga wuta tayi sama ta faɗo tayi sama ta faɗo. Ka matsar da ita bayan katanga inda iska bata bugunta. Da damina kuma gawayi yana shan laima ko da a buhu yake, ka shanya shi tukun. Shi kansa gawayin ba ɗaya bane, na kirya mai nauyin nan da maƙera ke so yana daɗewa yana ci, irin mara nauyin nan mai tartsatsi kuwa kafin ka juya ya zama toka. Ka ɗaga buhu ka ji nauyinsa kafin ka biya, kuma ga gashin awa 5 ka tanadi kamar kilo 3 zuwa 4, gara ya ragu. Duk minti 45 zuwa awa ɗaya ka ƙara tafi ɗaya ko biyu, in da hali ka fara kunna shi a kurfoti gefe ya kama sannan ka juye, saboda baƙin gawayi in ka tula shi da yawa yana danne wutar ya sauke zafi. Sai yawan buɗe murfi, wannan kam in abokai sun taru kowa sai ya ɗaga ya leƙa, kuma duk ɗagawa zafin da aka tara ne ke fita sai an sake jira ya dawo. Ka hana su, a buɗe kawai lokacin ƙara gawayi.

Gane ya yi kuma baya buƙatar yanka, yankan ma ruwan naman yake zubarwa. Ka samu tsinken tsire ka soka a inda yafi kauri kusa da ƙashi, ka gwada wuri biyu ko uku. In ya shige sumul ba tare da ka danna ba ya kuma fito haka to an gama, in kaji wani wuri yana turjewa ka mayar ka ba shi minti 30 ka sake gwadawa. Zaka kuma ga naman ya ja baya ya bar kan ƙashin a fili, in ka kama allon kafaɗar da tsumma ka murɗa sai kaji yana juyawa yana neman fita. Agogo aikinsa ya gaya maka lokacin da zaka fara dubawa, amma tsinken nan shi ke yanke hukuncin saukewa. Wani abu kuma tunda ganga ka ambata, dan Allah ka tabbata ba wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari bace, kuma in da fenti a jikinta a ƙone ta da wuta mai ƙarfi babu nama a kai har fentin ya tashi a kankare.

TAMBAYA: Anti ni kam ina da ma'aunin, na soka shi a naman komai na tafiya daidai yana ta hawa har ya kai 68 sai ya tsaya cak, wallahi kusan awa biyu ko motsi, har 67 na gani ya koma, na zata ya lalace ne na canza batir duk a banza, daga ƙarshe na cika gawayi na buɗe iska duka sai bayan naman yayi baƙi ƙirin. Me ya faru ne dan Allah? Daga ƙanwarki a Kano.

AMSA: Ƙanwata ma'auninki lafiyarsa ƙalau, sannu da wahala. Wannan tsayawar kusan duk babban nama sai yayi ta in ana gasa shi da sanyin wuta, yawanci tsakanin 65 zuwa 75. Dalili shi ne a daidai nan tsokar ke matsewa tana turo ruwa waje, ruwan yana bushewa a bayan naman, kuma bushewar ruwa sanyaya abu take yi, kamar dai yadda randa ke tsattsafo da ruwa a jikinta iska ta busa sai ruwan ciki yayi sanyi ko da ana rana. To zafin da wuta ke zubawa da wanda bushewar ke kwashewa sai su zo kunnen doki, allura ta tsaya. Ba zata motsa ba sai saman naman ya bushe, ko kuma kin hana ruwan tashi. Kuma kada ki ɗauka lokacin a banza yake tafiya, jijiyar nan tana ta narkewa a hankali duk tsawon tsayawar.

Maganinsa naɗewa. Da kinga ta tsaya kuma kalar bayan ta miki, ki naɗe da foyil tam ba inda tururi zai fita, zaki ga cikin ɗan lokaci ta ci gaba da hawa. Abin da zaki rasa kawai shi ne ƙamas-ƙamas ɗin bayan zai yi laushi, wannan kuma ana gyara shi a ƙarshe. Wasu da takarda suke naɗewa irin mai ruwan ƙasan nan don bayan bai cika jiƙewa ba, in zaki yi haka ki nemi sabuwa ta abinci, banda jarida saboda tawada, banda takardar buhun siminti duk da nasan ana yi a wasu wuraren. Tsayawar tafi tsawo in wutar tana ƙasa-ƙasa wajen 110 zuwa 120, shi yasa na ce wa 'yar uwarmu ta Kaduna ta riƙe 140 zuwa 150, a nan tsayawar gajeruwa ce.

In kuma wata rana lokaci ya ƙure miki baƙi sun iso nama bai yi ba, kada ki zuga gawayi. Ki sauke shi ki sa a tukunya mai kauri da romo kofi ɗaya ki rufe ruf ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ko ki sa shi a naɗensa cikin oben a 160. Ƙamshin gawayi ya riga ya shiga tun awannin farko, ba wanda zai gane a tukunya aka ƙarasa, kuma ko an gane ai yafi a ba mutane ƙonanne.

TAMBAYA: Hajiya barka da warhaka. Sallar layya da ta wuce muka yanka rago da hantsi, da la'asar na ɗora karfata na ba ta awa huɗu amma ta fito da tauri. Bana in Allah ya kai mu duka biyun nake so in gasa lokaci guda, shin lokacin ninkawa zan yi ya zama awa takwas ko goma? Daga wani magidanci a Zariya.

AMSA: Barka kadai Alhaji. A'a kada ka ninka. Zafi daga waje yake ratsawa zuwa tsakiya, saboda haka kaurin kowane yanki shi ne abin dubawa, nauyin da aka tara a kan waya gaba ɗaya bai cika damun lissafi ba. Karfata biyu masu kilo bibbiyu in ka jera su da ɗan tazara iska na wucewa tsakaninsu, lokacin guda ɗaya zasu ɗauka, sai dai ka ƙara minti 30 zuwa 45 saboda sanyin nama biyu yana sauke zafin murhu da farko, kuma rabin tafiya ka musanya musu wuri don wadda ke kusa da garwashi tafi saurin yi. Amma in ka ɗora ɗaya kan ɗaya ko ka naɗe su tare ka mayar da su gunduma guda, kuma abu in kaurinsa ya ninka, lokacin da zafi zai kai tsakiyarsa kusan ninki huɗu yake yi.

Taurin na bara ina zargin abu biyu. Na farko bayan yanka da 'yan awanni tsokar dabba tana sandarewa, kuma bata saki sai ta kwana ɗaya ko biyu, kai kuma a daidai lokacin da take shiga sandarewar ka ɗora ta. Iyayenmu da suke rataye rago ya kwana ya tsane sai washegari a fara aiki sun san abin da suke yi, sai dai in Sallah ta faɗo lokacin zafi ni nafi son a cire karfatar a sa a firji ta yi kwananta a can. Na biyu, kuma shi nafi ƙarfafawa, ragon layya yawanci babba ne da ya yi shekaru, jijiyarsa tafi ta ɗan tinkiya taurin kai, awa huɗu ta masa kaɗan. Karfata in ta fito da tauri ba a bushe ba, kusan kullum sauke ta aka yi da wuri, mutane kuma sai su ɗauka wuce wuri tayi su rage lokaci a karo na gaba. Babban rago ka ƙara masa awa ɗaya a kan lissafin da na bayar a sama. Ka duba yadda mutanen Yamai ke yi ran layya, a baje rago gaba ɗaya a jikin sanduna a jingina kewaye da wutar itace nesa-nesa da harshen wutar, a wuni ana juyawa har dare, ba mai gaggawa. Kuma dan girman Allah banda jefa farasitamol wai don nama yayi laushi, magani ne ba kayan girki ba kuma yana illata hanta.

TAMBAYA: Anti na shafe naman da yajin tsire tun farko sai ya fito da ɗaci, kuma da hadari ya taso na shigar da murhun cikin kicin na rufe ƙofa sai kaina ya dinga sarawa har da jiri, ko hayaƙin yajin ne? Daga wata amarya a Jos.

AMSA: Amarya ba yaji bane, kuma Allah ne ya tsare ki. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, bata da wari bata da kala, a rufaffen ɗaki tana taruwa ta fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan sai mutum ya sulale, irin ta ce ke kashe mutane in sun kwana da janareta a cikin gida. Kada ki sake shigar da gawayi mai ci cikin kicin ko ɗaki ko gareji ko da taga a buɗe take, in ruwa ya sauko ki koma ƙarƙashin rumfa ko baranda da iska ke ratsawa ta ko'ina, in babu ki ƙarasa a tukunya yadda na gaya wa ƙanwata ta Kano. Duk wanda ya ji irin wannan jirin a fito da shi waje nan take, in bai warware ba ko ya suma a kai shi asibiti.

Ɗacin kuma daga ƙuli-ƙulin cikin yajin ne, gyaɗa bata jure awa huɗu a wuta, tsire da ake shafa masa ita ai mintuna kaɗan yake yi. Da farko gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan mai sun isa. In naman yayi laushi ya huta, ki buɗe foyil ɗin ki tsiyaye romon a kwano ki ajiye, ki shafa ɗan man gyaɗa ki barbaɗa yajin, sai ki mayar saman garwashi kai tsaye minti 5 zuwa 10 kina tsaye a kai kina juyawa da abu mai faɗi don kada ya wargaje miki ya faɗa wuta. Romon nan ki kwashe maiƙon samansa ki yaryaɗa a kan naman bayan kin yayyaga shi, sauran yajin kuma a kai shi a gefe kowa ya ɗiba daidai bakinsa.